BABI NA BIYU: TARIHIN GIDAJEN ABINCIN ƘETARE DA SAUYIN CIN ABINCIN RANA A KANO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuma za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda gidajen sayar da abincin ƙetare suka samu a Kano, da yadda Bahaushe, wanda a da yake ganin cin abinci a waje abin kunya ne, ya wayi gari yana zama a kan kujera a bainar jama'a yana cin shawarma ko soyayyiyar kaza da rana tsaka. Abin da ake nufi da gidan abincin ƙetare a nan shi ne wurin da mutum zai shiga ba tare da gayyata ko shiri na musamman ba, ya biya kuɗi, a ba shi abincin da asalinsa ba na ƙasar Hausa ba ne. An zaɓi abincin rana ne domin shi ne wanda sauyin zamani ya fara fitarwa daga cikin gida, alhali tuwon dare ya daɗe yana nan inda aka san shi.

2.1 Abincin Rana A Gargajiyar Bahaushe

Bahaushe ya kasa cimarsa ta yini gida uku. Da safe akwai karin kumallo, wato koko da ƙosai ko kunu ko ɗumamen tuwon jiya. Da dare akwai tuwo da miya, wanda shi ne babban abincin gida, kuma shi ne ma'aunin da ake auna magidanci da shi a ga ko ya iya riƙe iyali. Abincin rana kuwa bai cika samun wannan matsayi ba. Manomi a gona fura ake kai masa, ɗan kasuwa kuma ko dai a aiko masa da kwano daga gida, ko ya tsayar da mai talla ya sayi ɗanwake ko dambu ko alala.

Abin lura a nan shi ne, tun asali sayen abincin rana ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Matan aure da ke cikin kulle su ne suke dafa shi a cikin gidajensu, 'ya'yansu su ɗauka su zaga da shi unguwa-unguwa. Da ribar wannan sana'a uwa take yin adashi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Saboda haka kuɗin da namiji ya kashe wajen cin abincin rana, cikin unguwa yake komawa, ya faɗa hannun matar maƙwabcinsa, wani lokaci ma hannun matarsa.

Abin da al'ada ta ƙyamata shi ne magidanci ya je ya zauna a wurin mai sayar da abinci ya ci a idon mutane. Wannan ya samu goyon baya daga littattafan fiƙihu, inda malamai suka lissafa ci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwa ba, cikin abubuwan da ke rage mutuncin mutum. Waɗanda aka sani da zama wurin 'yan tuwo-tuwo su ne matafiya da fatake da 'yan dako da gwauraye. Tashen gwauro da ake yi a Kano cikin watan azumi, ƙarƙashin jagorancin Nalako, ya isa ya nuna irin kallon da jama'a ke yi wa namijin da ba shi da mai dafa masa.

2.2 Larabawa Da Abincin Alkama Kafin 1903

Abincin ƙetare na farko da ya zauna da gindinsa a Kano ta hamadar Sahara ya biyo. Tun bayan kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), Kano ta zama matattarar fatake daga nesa. A ƙarni na 19 akwai Larabawan Gadamas da na Tarabulus zaune a cikin birni, kuma da su ake nufi idan an ce Turawa a wancan lokaci, shi ya sa unguwarsu ta samu sunan Dandalin Turawa. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya tarar da su lokacin da ya zo Kano a 1851.

Harshen Hausa kansa shaida ne a kan abin da waɗannan baƙi suka kawo. Kalmar alkama daga Larabci aka aro ta, haka nan alkubus, wadda ta fito daga sunan da Larabawa ke kiran burodi da shi, da gurasa, wadda asalinta ke nufin abu mai faɗi kewayayye. Da farko abincin alkama na sarakuna ne da attajirai, domin alkama sai a fadama ake noma ta da rani, kuma ba ta da yawa. Sannu a hankali matan birni suka koyi gasa gurasa a tanderu, har sana'ar ta ba wata unguwa suna, wato Cediyar 'Yan Gurasa. A yau idan aka ce gurasa, Kano ce ke faɗo wa mutum a rai, ba Tarabulus ba. Wannan shi ne misali na farko na abin da za a riƙa gani a cikin wannan tarihi, wato baƙon abinci ba ya samun wurin zama sai ya shiga hannun 'yan gida sun sarrafa shi yadda bakinsu yake so, kamar yadda aka haɗa gurasa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji ta zama bandashe.

2.3 Jirgin Ƙasa, Sabon Gari Da Kwara (1903 zuwa 1960)

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara a cikinsa, aka kuma samu dubban leburori da 'yan dako masu wuni suna ɗaukar buhuna a wajen ganuwa, nesa da gidajensu. Mai magana ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya fito tun asuba kuma ba zai koma ba sai yamma, dole ya nemi abin da zai sa a bakinsa a inda yake aiki.

A daidai wannan lokaci aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Su ne suka zo da buka, wato rumfar da ake zama a ci sakwara ko teba ko amala. Ga Bakanon wancan zamani, wannan ma abincin baƙi ne, kuma saboda ana sayar da giya a Sabon Gari, mai mutunci ba ya son a gan shi yana fitowa daga can. Wannan ya ƙara ƙarfafa tunanin cewa gidan cin abinci da mashaya ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Kashi na biyu na baƙin su ne mutanen Labanan da Siriya, waɗanda Hausawa ke kira Kwara. Sun shiga cinikin gyaɗa da fatu da yadi, suka kafa kantuna a wurin da ya zama Kantin Kwari, kuma sunayen titin Beirut da titin Lebanon suna tuna wa mutane da zamansu. Abincinsu a cikin gidajensu ya fara tsayawa, amma kukunsu da boyi-boyinsu 'yan ƙasa ne. Ta hannun waɗannan ma'aikata ne dabarun gasa burodi da haɗa salak da dafa shinkafa irin ta Gabas ta Tsakiya suka fara fita waje.

Su kuwa Turawan mulki, a unguwar Nasarawa da Bompai suka keɓe kansu, suna cin abincinsu a kulob da gidajen saukar baƙi na gwamnati. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, daga 1936 kuma aka fara jigilar fasinja, abin da ya sa aka buƙaci otal-otal masu dafa abincin Turawa. Talaka ba ya shiga irin waɗannan wurare sai in aiki ya kai shi. Duk da haka a wannan zamani ne burodi da shayi da biskit suka fara shiga bakin mutanen gari, kuma teburin mai shayi ya zama wuri na farko da namiji zai zauna a kan benci ya ci abin da ba na gargajiya ba ba tare da an zarge shi ba.

2.4 Daga Samun 'Yanci Zuwa Arzikin Man Fetur (1960 zuwa 1985)

Bayan samun mulkin kai a 1960, masana'antu suka yawaita a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa. Cikin masu kafa su akwai Kwara da Indiyawa da 'yan Sin da suka zo ta Hong Kong suna ƙera kwanoni da kayan roba. Aikin masana'anta da agogo yake tafiya, hutun rana ɗan taƙi ne, ba ya isar ma'aikaci ya je Gwale ko Dala ya ci ya dawo. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikatun gwamnati suka ƙaru, aka samu sabon rukunin 'yan boko masu albashi. Gwamnatin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975) ta gina otal-otal irin su Daula da Bagauda, inda ake dafa abincin Turawa da na gida.

Tashin farashin man fetur a 1973 da ƙarin albashin Udoji da ya biyo baya sun sa kuɗi a aljihun ma'aikata. Kantunan Kingsway da Leventis suka saba wa mutane da kek da mitfai da lemon kwalba. A cikin shekarun 1970 ne kuma aka kafa kamfanin niƙa fulawa a Bompai, burodi ya yi araha har ya kai ƙauye. Gidajen abincin Sin da na Kwara da aka buɗe a unguwannin masu hali sun fi samun ciniki daga baƙi 'yan uwansu da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa masu son karrama abokan hulɗa.

Akwai wata hanya kuma da ba a cika ambatonta ba, ita ce aikin Hajji. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. A Makka da Madina da Jidda alhaji ya ga malamai da dattawa suna shiga gidan abinci su sayi shinkafa da gasasshiyar kaza, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Abin da aka gani a ƙasa mai tsarki da wuya a dawo gida a kira shi abin kunya. Ko shakka babu wannan ya taimaka wajen sassauta tsohon ra'ayi fiye da duk wani abin da Turawa suka kawo.

2.5 Zamanin Matsi Da Abincin Gaggawa (1986 zuwa 1999)

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda jama'a suka fi sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. A 1987 aka hana shigo da alkama daga waje, hanin da ya ci gaba har zuwa 1992. An ƙarfafa noman alkama a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, amma abin da aka noma bai kusa isar masu gidajen burodi ba. A nan ne ta fito fili cewa abincin da mutane suka saba da shi a zamanin wadata, a kan alkamar ƙasashen waje ya dogara.

Abin mamaki shi ne, a cikin wannan matsi ne gidajen abincin gaggawa suka kafu a Nijeriya. Kamfanin UAC, mai kantunan Kingsway, ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina ta Legas a 1986, daga baya rassansa suka bazu har Kano. Tsarin kuwa na Amurka ne: mai saye ya je kanta ya nuna abin da yake so, ya biya, ya ɗauki farantinsa da kansa, ko a ƙunshe masa ya tafi da shi. Sai dai abin da ke cikin farantin ya ƙunshi dafa-duka da soyayyiyar shinkafa da kaza da alala, domin masu kamfanin sun gane cewa ɗan Nijeriya ba ya lissafa burodi da nama a matsayin abincin rana.

A ɓangaren talaka kuma, taliyar Indomie ce ta yi tasiri. Asalinta daga ƙasar Indunusiya take, an fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, sannan aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Mai shayi ya karɓe ta, ya haɗa ta da ƙwai da albasa da attaruhu. Ta haka ɗalibi da ɗan acaɓa da lebura suka samu nasu gidan abincin ƙetaren a bakin titi, a kan kuɗin da ba su fi ƙarfinsu ba.

2.6 Daga 2000 Zuwa 2024

Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, da kafa hukumar Hisba a 2003, sun sa an raba gidan abinci da giya a mafi yawan sassan gari. Wannan ya kawar da babban abin da ke hana magidanci shiga irin waɗannan wurare, har ya zama yana iya ɗaukar matarsa da 'ya'yansa ya kai su ranar sallah ko ƙarshen mako. Shigowar wayar salula a 2001 ta kawo bankuna da ofisoshin kamfanoni masu ma'aikata matasa, maza da mata, waɗanda ba sa tashi daga aiki sai yamma.

A wannan zamani ne shawarma ta fito daga unguwannin Kwara ta shiga gari. Asalinta daga daular Usmaniyya ne, inda a ƙarni na 19 aka fara gasa nama a jikin ƙarfe tsayayye mai juyawa, sunan ma daga kalmar Turkanci mai nufin juyawa ya samo asali. Bahaushe bai sha wahalar karɓarta ba, domin wanda ya saba da tsire da gurasa, idan aka naɗe masa gasasshen nama a cikin burodi mai faɗi, bai ga baƙon abu ba. Haka nan shinkafar mandi da kabsa ta Larabawa suka samu kasuwa wurin alhazai da ɗaliban da suka yi karatu a Saudiyya da Masar da Sudan.

Manyan kamfanoni ma sun shigo ƙasar: Chicken Republic ya fara a Legas a 2004, KFC a 2009, Domino's a 2012. A Kano, buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a 2014 ya ba matasa wurin haɗuwa da cin abinci. Sai dai harkar ta gamu da cikas iri-iri: hare-haren 20 ga Janairu 2012 da dokar hana fita da ta biyo baya, da kullen annobar korona a 2020, da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya tsauwala kuɗin sufuri da na kayan abinci. A watan Janairu na 2024 kantin Shoprite da ke cikin wancan gini ya rufe.

2.7 Abin Da Wannan Tarihi Ya Nuna

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga sharuɗɗa uku ne suke sa baƙon abinci ya karɓu a Kano. Na farko, mai ci ya natsu cewa halal ne, kuma Musulmi ne ya yanka naman. Wannan ne ya ba abincin Larabawa fifiko a kan na Sin, wanda mutane da yawa ke ɗari-ɗari da shi saboda zargin naman alade. Na biyu, ya yi kama da wani abu da baki ya riga ya sani. Alal misali, finafinan Indiya sun shiga zuciyar Hausawa shekara da shekaru, amma daga cikin abincin Indiyawa samosa ce kaɗai ta zama ruwan dare a gidajen biki, domin ta yi kusa da soye-soyen da aka saba. Na uku, kuɗinsa ya zama daidai aljihu, shi ya sa teburin mai shayi ya fi kowane babban kamfani yawan masu ciniki.

Ta fuskar zamantakewa kuma, sauyin ya zo da riba da hasara. An samu ayyukan yi ga matasa, mata ma'aikata da ɗalibai sun samu wurin cin abinci cikin natsuwa, kuma an koyi tsabtar wurin sayar da abinci. A ɗaya ɓangaren, kuɗin abincin rana da a da yake komawa hannun matan unguwa, wani kaso nasa ya koma hannun masu jari da masu shigo da alkama da man girki daga waje. Har ila yau likitoci sun daɗe suna jan kunne cewa yawan cin maiƙo da gishiri da shan zaƙi na da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari. Sannan abin da a da yake abin kunya ya juye ya zama abin alfahari, har saurayi kan ci bashi domin ya kai wa budurwarsa ledar gidan abinci mai suna. Amma kuma matan gida ba su naɗe hannu ba. Da yawansu sun koyi yin shawarma da samosa da mitfai, suna tallata su ta WhatsApp da Instagram, masu babur suna kai wa masu saye ofis-ofis. Wato tallar da yarinya ke ɗauka a ka ta koma cikin waya, kamar dai yadda kakanninsu suka karɓe gurasa daga hannun Larabawa.

2.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa samuwar gidajen abincin ƙetare a Kano ta bi matakai: Larabawan Sahara da abincin alkama, jirgin ƙasa da Sabon Gari da Kwara, masana'antu da arzikin man fetur da aikin Hajji, sannan kamfanonin abincin gaggawa. An kuma ga cewa aikin albashi mai tafiya da agogo shi ne ya fitar da abincin rana daga gida, addini da aljihu da ɗanɗano kuma suka tantance abin da zai zauna da wanda zai wuce. Hausawa na cewa zamani riga ne, amma tarihin gurasa da indomi da shawarma ya nuna Bakano ba ya sa rigar sai ya kai ta wurin tela an rage masa ita daidai jikinsa. A babi na gaba za a dubi kalmomin da wannan sauyi ya shigo da su cikin harshen Hausa, da yadda aka yi musu kwaskwarima suka dace da tsarin furucinsa.